Ranar da Bakarariyar Malam Mwaipopo Ta Haihu

A makarantarmu ta Tukuyu, lambar da ba ta rabuwa sai da ɗaya ko da kanta, *tasa* muke ce mata, wato bakarariya. Shekara ashirin Malam Mwaipopo yana rubuta 4,294,967,297 a allo, yana cewa ga sarauniyar bakararu.

A 1994 na zo, sabuwar malama da takardar shaidar karatun lissafi a hannu, amma aka haɗa ni da darasin ɗinki. Wata Litinin muna shan shayi a ɗakin malamai na ce wa Malam Mwaipopo, "Baba, bakarariyar nan taka fa tana da 'ya'ya. Na taɓa karantawa a kwaleji."

Ya ajiye kofi. "To, ungozoma, mene ne sunayensu?"

Na manta. Aka kwashe da dariya, har wani ya ƙware.

Shugabarmu, Mama Ndimbwa, ta ce, "Tusajigwe, bakinki ya yi kaifi. Kawo hujja ranar Juma'a, darasin lissafin aji huɗu ya zama naki. In kin kasa, ke da keken ɗinki har ki tsufa."

Na'urar lissafin makaranta gurbi takwas take ɗauka, lambar kuwa goma gare ta. Sai hannu. Na jera ƙananan bakararu, uku, bakwai, sha ɗaya, ina raba ta da kowace. Duk wadda na gwada sai ta bar saura. Ruwan Tukuyu ya yi ta zuba, takarduna suka yi laushi, na koma rubutu a bayan tsofaffin takardun jarrabawa. Yatsana ya yi kanta. Kullum da safe Malam Mwaipopo zai leƙo: "'Yata, naƙudar ba ta taso ba? In kira mota?"

Ina gaishe shi da ladabi, in ci gaba.

Ranar Juma'a da hantsi na gama gwada bakarariya ta ɗari da sha biyar, babu labari. Na ɗauko ta gaba, 641. Na sauko da lamba, na cire, na sake saukowa. Saura babu! Na maimaita. Babu!

Da gudu na faɗa ɗakin malamai, takalmi ɗaya ya tsaya a taɓo. "Ta haihu! Wallahi ta haihu, tagwaye!"

Na rubuta 641 sau 6,700,417, na miƙa masa alli. "Bismilla, Baba, ninka da kanka."

Ya ninka a hankali. Da lambarsa ta fito ƙarƙashin layi, malamar tarihi ta rangaɗa guɗa. Ya daɗe yana kallon allon.

"Shekara ashirin," ya ce, "ashe ƙarya nake yi wa yaran mutane."

Mama Ndimbwa ta turo min rajistar aji huɗu. "Suna jiranki. Amma je ki nemo takalminki tukuna."