Albashin da Na Yanka wa Kaina da Baki

Ni Loretta Vigil, shekara goma sha tara na yi ina nas a ɗakin kwanciya na marasa lafiya a asibiti kafin in koma makaranta in samo takardar da ta ba ni ikon duba mara lafiya in rubuta masa magani da kaina. A ɗakin kwanciya ba a ciniki. Albashi tsani ne, kowa ya san matakinsa, shekara ta zagayo a ɗaga ka. Shi ya sa ranar da Gordon Pruitt, manajan asibitinmu na sha-ka-tafi a nan garin Pueblo, ya miƙo min takardar ɗaukar aiki, ko lambar ban kalla da kyau ba. Godiya na dinga zubawa har da ƙwalla. A tayin farko na sallama kaina, ina tsoron kada a fasa. Bayan shekara goma sha ɗaya da 'yan ƙare-ƙaren da ba su taka kara sun karya ba, albashina ya tsaya a dala dubu ɗari da huɗu a shekara.

Ana nan aka turo min Paige Lindqvist, ɗaliba, ta yi koyon aiki a hannuna. Haka muke yi, ka ɗauki yarinya wata huɗu kana koya mata sauraron ƙirji da karanta sakamakon jini, ba wanda zai ba ka ko sisi, wai kai ma haka aka yi maka. Paige tana da kai, wannan ba zan hana ta ba. Sai dai bakinta ba shi da birki. Ran nan muna ɗakin hutu, ina ɗumama burito, naɗin gurasa da wake, ta ajiye cokalinta ta kalle ni.

"Malama, nawa suke biyan ki?"

Sai da kofi ya sarƙe ni. Mu a zamaninmu gara ka tambayi mace nauyinta da ka tambaye ta albashinta.

"Ke wai ba a koya muku kunya a makarantar taku?"

"Haba Malama, kunyar me? Asibitin nan za su ɗauki sabuwar ma'aikaciya, ni kuma ina so in nema. In ban san abin da ake ba na gaba da ni ba, ya zan san abin da zan ce?"

Ta kafe ni da idanun nan nata, idanun yarinyar da take ganin babu kamar malamarta a duniya. Ni kuwa lambar gaskiya ta zo min har baki ta ƙi fita. Shekara talatin ina wannan aiki, in buɗe baki in ce ɗari da huɗu? Sai na ji bakina ya ce, "Dubu ɗari da ashirin da takwas." Allah ya sani ban shirya ba. Ta gyaɗa kai ta rubuta a wayarta, ni kuma na ciro buritona na ci ban ji ɗanɗanonsa ba.

Sati uku bayan nan ta faɗo ofishina da gudu ta rungume ni.

"Na samu! Malama, na samu, kuma albarkacinki ne!"

"To sake ni kada ki karya ni. Ya aka yi?"

"Gordon ya ce ɗari da sha biyu. Na ce masa malamata tana ɗaukar ɗari da ashirin da takwas, ni ba zan haɗa kaina da ita ba, amma a ba ni ɗari da ashirin da biyu. Ya ce ba hali. Na ce to zan yi shawara, na ɗauki jakata. Kafin in kai mota ya kira ni. Ɗari da ashirin! Kuma Juma'a da yamma ba zan ga kowa ba, lokacin cike takarduna ne."

Na ce mata madalla. Har bayanta na bubbuga. Da ta fita na rufe ƙofa na zauna. Yarinyar da jiya-jiya na hana ta saka abin awon jini a baibai ta fi ni da dala dubu goma sha shida. Ni da nake kwasar takardu in kai gida in cike a teburin cin abinci ranar Asabar, ban taɓa sanin ana iya roƙon lokacin cike takardu ba.

Daga ranar ƙyashi ya shige ni, kuma ba zan ɓoye ba, ƙyashi ne tsagwaronsa. In ta yi dariya a baranda sai in ji kamar da kuɗina take yi. Na koma ƙirga mutanen da take gani a rana: ni ashirin da biyu, ita goma sha bakwai. Juma'a da ƙarfe ɗaya in hango ta ta miƙe ƙafa a kujera tana danna kwamfuta tana shan shayi mai ƙanƙara, ni kuwa ga tsoho mai ciwon suga yana jira, ga uwa da yara uku masu tari. Da ma sabuwar mota ta saya, da na sami abin zagi. Ina! Tsohuwar akwalarta take ta ja, wai tana tara kuɗin gida, abin ya ƙara ƙona min rai. Har bin bayanan marasa lafiyarta na dinga yi a ɓoye ina neman kuskure. Rannan na ga ta rage wa wata tsohuwa maganin suga, na ce yauwa, yau na kama ki. Da na duba da kyau sai na ga ƙodar matar ce ta yi rauni, ragewar daidai ce, kuma ni na koya mata hakan. Na rufe kwamfutar da ƙarfi har mai karɓar baƙi ta leƙo.

Ita kuwa baiwar Allah ba ta san ina yi ba. Kullum "Malama, ga tamale, alalar masarar nan, na sayo miki," "Malama, zo ki saurari ƙirjin nan." Na fi son ta yi min rashin kunya in huta.

Da bazara asibitin ya sake neman ma'aikaciya. Dokar jiharmu ta ce duk tallar aiki sai an rubuta abin da za a biya, don haka ga shi nan ɓaro-ɓaro: daga dubu ɗari da sha biyu zuwa ɗari da talatin da biyar. Wato wadda ta fito makaranta yau, ba ta san inda banɗaki yake ba, za ta fara da abin da ya fi nawa.

Abokiyar aikina Bernice Tafoya ce ta fara gani. Shekararta takwas da mu, mace mai faɗa, muryarta kamar ta mai kiran fasinja. Ta shigo ɗakin hutu da tallar a hannu ta buga a tebur.

"Ku duba min wannan wulakanci! Ɗari da shida nake ɗauka. Ɗari da shida! Ko ƙasan tallar ban kai ba."

Na sunkuyar da kai ina juya kofi. Ashe har Bernice ta fi ni da dubu biyu.

Paige ta ce, "Anti Bernice, kwantar da hankalinki. Kwamitin asibiti zai zauna ranar Alhamis ya rufe kasafin baɗi. Mu rubuta musu wasiƙa ɗaya. Duk wadda albashinta bai kai ƙasan talla ba ta sa sunanta da abin da take ɗauka, mu sauran mu sa hannu a ƙasa muna goyon baya. Ni da Malama mun wuce wurin, amma ba za mu zuba ido ba. Ko ba haka ba, Malama?"

Bernice ta harare ni. "Ita Loretta ina ruwanta? Masu ɗari da ashirin da takwas ai ba sa jin kukan talaka."

Tabɗi. Ashe lambar ta zaga.

Ranar Laraba da safe na lallaɓa ofishin Gordon ni kaɗai, da niyyar a gyara min a asirce. Ya ba ni kujera, ya saurare ni yana murza zoben hannunsa. Na zayyana masa shekaruna, da yawan mutanen da nake gani, da ɗalibai tara da na horar kyauta.

"Loretta, ba mu da kamarki, kowa ya sani," in ji shi. "Amma ni ba ni da ikon ƙara wa kowa a tsakiyar shekara. In kin bi ta hannuna, sai bitar watan Janairu, kashi biyu cikin ɗari kamar kullum. Kwamiti ne kaɗai zai iya ɗaga mutum zuwa ƙasan talla, su kuma abin da aka rubuto musu za su duba. Na ji ana haɗa wasiƙa. Ki sa sunanki mana."

Na miƙe zan fita. Sai ya yi wani ɗan murmushi.

"Af, na tuna. Lokacin da Paige ta zo ciniki ta ambaci wata lamba, ta ce taki ce. Ban musa mata ba. Ni ba na fallasa albashin ma'aikaci, ba halina ba ne. Asirinki a rufe yake a wurina."

Kai, mutumin nan! Shekara guda ya san ƙaryata, yana gaishe ni da fara'a kullum, ya san muddin ina jin kunya ba zai taɓa biyan ko dala ɗaya ba. Na fito fuskata kamar an watsa min ruwan zafi. A baranda na yanke shawara: zan rubuta gaskiya, a yi dariyar a gama. Dubu takwas a shekara ba wasa ba ne, ga rufin gidanmu yana yoyo, ga ritaya ta ƙarato, kuma da albashin ake lissafa abin da asibiti yake zuba min a asusun tsufa.

Da azahar Paige ta kawo wasiƙar ɗakin hutu. Ta buga ta tsaf. A sama akwai layi biyu na masu neman gyara: Bernice ta cike na farko, suna da lamba, da manyan baƙaƙe kamar mai faɗa da takardar. Na biyun fili ne. A ƙasa, wurin masu goyon baya, Paige ta riga ta buga sunana, kuma shi ta sa a farko, sama da nata.

Na karɓi biro. Na ɗora bakinsa a kan layin da yake fili.

"Ba nan ba, Malama, ƙasa," in ji Paige, ta nuna min da yatsa.

"Paige," na ce.

"Na'am?"

Ta matso, ta ɗan karkata kai, da irin fuskar da na koya mata ta yi wa mara lafiya in zai faɗi abin da yake jin nauyinsa. Nan take na hango abin da zai biyo baya. Ba dariya za ta yi ba, da ma dariyar ce da sauƙi. Idonta zai ciko da ƙwalla. Za ta riƙe hannuna ta ce, "Wayyo Malama, ashe duk shekarar nan na fi ki?" Za ta shiga ta fita sai an ƙara min, ta tsaya gaban kwamiti ta yi magana mai daɗi, a ƙara min ɗin kuwa, in zama wadda ɗalibarta ta ceto. Kullum in ta kawo min tamale in san sadaka ce. Na ji na tsane ta, da kirkinta, da Juma'arta, da dubu ɗari da ashirin ɗinta da ta samu da lambar da ni ban taɓa gani a takardata ba.

"Kin rubuta sunana daidai, na ga kin fara hankali," na ce. Na sauke biron ƙasa na sa hannu.

Kwamiti ya zauna. Ranar Litinin aka kira Bernice, aka ɗaga ta zuwa ɗari da sha huɗu. Na ji ihunta tun daga ɗakin allura. Ina wanke hannu tsakanin mara lafiya da mara lafiya sai ga ta ta shigo ta turo ƙofa. Ban taɓa ganin Bernice da jan ido ba sai ranar.

"Loretta, tsaya, magana zan yi, kada ki katse ni. Tun ranar da Paige ta faɗa min abin da kike ɗauka nake jin haushinki. Ko gaisuwarki ba na son amsawa. In na gan ki sai in ce me ta fi ni da shi? Na zage ki a gida ba sau ɗaya ba, mijina shaida ne. Ga shi ke ba abin da za ki samu, amma sunanki ne a farko. Gordon da kansa ya ce ganin hannunki ne ya sa kwamiti bai ja ba. Hassada ce ta ci ni, 'yar'uwa. Ki yafe min."

Ta rungume ni, hannuwana a jiƙe na riƙe su a sama. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne daɗin da na ji. Shekara guda wata tana kwana da baƙin cikina, ni Loretta, kuma wallahi sai da maganar ta yi min sanyi a rai kafin in tuna yanzu ta fi ni da dubu goma.

"Na yafe miki," na ce. "Matsa, akwai mutum goma sha ɗaya suna jirana."