An Ari Keken Tahira

Da aka busa usur, ajin ya watse da dariya. Ɗalibai suka yi ƙasa a guje, wasu na ɗaukar kansu hoto da salula. Tahira ta bi su da kallo daga kan benci, shanyayyun ƙafafunta a naɗe cikin zane. Kekenta ba ya ɗakin.

Gwajin fita daga gobara ake yi. Masu wani proje na ba da tallafi sun zo su ga yadda wannan babbar makaranta mai zaman kanta, a unguwar Zariya, ke fitar da naƙasassu in wuta ta tashi. Keken guragu ɗaya ne a makarantar, na Tahira. Ajinta kuma a saman bene yake. Kullum mahaifinta Maman Lawali, ɗan kabu-kabu, ke goya ta zuwa sama, ya koma ya ɗauko keken.

Da safen ranar Mushe Sha'ibu, malami mai kula da ɗalibai, ya tsaya a kanta.

"Aron keken za ki ba mu. Mariyam za ta hau daga ƙasa. In muka ce da ke za a sauko, sai mun tsufa a gaban baƙi."

"To ni fa, Mushe?"

"Ba wutar gaske ba ce. Zauna ki yi bitar darasi."

*

Don abin ya yi kama da gaske, an ƙona tsofaffin tayoyi a gindin benen. Iska ta kwaso hayaƙin ta cusa shi ta taga. Tahira na da asma tun tana ƙarama, abin shaƙarta kuwa yana cikin aljihun da uwarta ta ɗinka a bayan keken.

Ta yi kira sau biyu. Sannan ta zame daga bencin, ta ja jiki zuwa matakala. Da hannuwa ta sauka, ƙafafun na biyo ta suna bugun siminti, ƙirjinta na fito.

Daga bakin ƙofar ƙasa ta hango fili. Samari biyu na tura kekenta, a kai ga Mariyam, ɗiyar ƙanen darakta, wadda ta langaɓe kai kamar marar lafiya. Baƙi na tafa musu. Mushe Sha'ibu ne ya waigo ya gan ta, ya taho da sauri.

"Mushe, maganina... cikin keken."

"Wa ya ce ki sauko? Dubi jikinki duk baƙi. So kike proje ya kuɓuce mana?"

"Numfashi..."

"Hoto ya rage, yanzu a gama."

Ya ja ƙofar ya rufe, ya koma cikin sahu. Bayan hoton aka sallami ɗalibai daga fili.

*

Da azahar Maman Lawali ya zo ɗaukarta. Ya tura ƙofar, ta tokare da wani abu. Tahira ce kwance a bayanta. A kan babur ya kai ta likita, ya ɗaure ta a bayansa da rawani.

Washegari Mushe Sha'ibu ya zo dubiya da ayaba a leda. Tahira na kwance da robar iska a fuska, ba ta buɗe ido ba tun jiya.

"Darakta na gaishe ka, Malam Lawali. Ya ce Allah shi ba da sauƙi. Baƙi sun ji daɗi ƙwarai, har za su yi mana hanyar keke."

"Hanyar za ta kai sama?"

"A'a, daga bakin ƙofa zuwa ofis." Ya gyara murya. "Akwai wani ayarin ranar Alhamis. Keken zai zauna wurinmu, tunda yanzu ba buƙatarsa take ba."

Maman Lawali ya dubi ɗiyarsa. Shekarar ƙarshe take. In ta tashi, a hannun mutumin nan za ta zauna jarrabawa, kuma babu wata makarantar da ta yarda ta karɓe ta.

"To," ya ce.

Mushe Sha'ibu ya yi addu'a, ya shafa, ya fita. Maman Lawali ya jawo kujera, ya jiƙa bakin hankici, ya shiga goge baƙin tayar da ya maƙale a tafin hannunta.