Ba a Barin Inji Sai Mai Karɓa Ya Zo

Ranar da majalisar gunduma za ta yanke hukunci a kan kuɗin kwalejin gari, Wendell Harju ya tashi tun gari bai waye ba. Jawabi aka ce zai yi a gaban jama'a. Mutumin da ya shekara talatin a kamfanin takarda na Kessler Falls, inda ƙarar inji ta hana kowa magana sai da hannu, shi aka zaɓa ya je ya yi wa kansiloli bayani. Matarsa Marlys ta goge masa farar riga ta rataye a mota, ta cusa masa burodin nama a aljihun kwat.

"Ka dai buɗe baki," in ji ta. "Kada ka je ka tsaya musu kamar turken fitila."

"Ke ki je ki yi mana, tunda ke Allah ya ba baki."

"Ni aka kora daga kamfani? Wuce, malam, ka makara."

Maganar ba ta wasa ba ce. Tun da aka rufe kamfanin, matasa suka kwashe kayansu suka yi kudu, gari ya koma na tsofaffi. Makarantar firamare ɗaya ta rufe, gidan kula da tsofaffi kuwa har gini aka ƙara masa, amma babu masu aiki. Sai kwalejin gari ta buɗe ajin koyon jinyar tsofaffi domin waɗanda suka rasa aiki, gunduma ke biya. Wendell ya shiga da furfurarsa da manyan yatsunsa, ya sha dariyar tsofaffin abokan aiki, ya koyi auna jini da juya marar lafiya a gado. Yanzu ya yi rabin hanya, ga majalisa ta ce za ta duba ko a ci gaba da biya. In ta ƙi, aji ya watse babu takardar shaida, shi da Marlys su sayar da gida su je su tare a ɗakin ƙasa na gidan 'yarsu a Ohio. Shi kuwa ya tsani wannan tunani fiye da komai.

Kansilolin sun rabu gida biyu, kai da kai. Saura mutum ɗaya, Misis Bernadine Kovac, wadda kowa ya san ko sisin gunduma ba ya fita daga hannunta sai ya yi kuka. Malamar ajin, Misis Gauthier, ta ce idan wannan mata ta ga ɗalibi da idonta, ta ji daga bakinsa, wataƙila ta sauko. Shi ya sa aka ɗora wa Wendell wannan kaya. Zai gama aikin gwaji a gidan tsofaffi da la'asar, ya canza riga, ya wuce zauren majalisa.

A gidan tsofaffin akwai wani dattijo, Arvo Niemi, wanda shi ne shugaban aiki a kan babban inji lokacin da Wendell ya shiga kamfani yana saurayi. A zamaninsa in ya daka tsawa har ta ƙarar inji ake ji. Yanzu tsufa ya cinye masa tunani, ko 'ya'yansa ba ya ganewa. Amma kullum la'asar, lokacin da a da ake canjin ma'aikata, sai ya miƙe daga kujera da ƙafafunsa masu rawa, ya je ya dafa bututun ɗumama ɗaki da ke jikin taga, ya kasa kunne. Ma'aikatan sun yi lallashi, sun kawo shayi, sun kunna masa talabijin. Makon jiya ma ya faɗi a wurin ya fasa goshi.

Wannan ne karo na farko da aka sa Wendell a ɓangarensa. Yana shiga ya ga tsohon a tsaye, tafin hannu a kan ƙarfe, kai a karkace, sai ya gane abin da yake yi. Haka ake dafa inji a ji ko yana tafiya daidai. Kuma a kamfaninsu akwai doka da ba a rubuta a ko'ina ba: ba ka barin inji, ko gidanka ke cin wuta, sai mai karɓarka ya zo ya dafa kafaɗarka. Takarda na gudu a kan inji kamar ruwa, in ka juya baya ta tsinke, wani ya kai hannu, hannun ya tafi ke nan.

Wendell bai yi shawara da kowa ba. Ya taka ya dafa kafaɗar tsohon, ya ɗaga murya kamar a cikin kamfani.

"Na karɓe ka, maigida. Tafi gida."

Arvo ya waiwayo ya dube shi sama da ƙasa. "Ka makara."

"Dusar ƙanƙara ce a hanya."

"Kullum da dalilinku. Ka kula da shi, yana ɗan zafi ta gefen hagu."

Ya saki ƙarfen, ya koma ya zauna a kujerarsa ya miƙe ƙafa, ya sauke wani dogon numfashi. Wendell ya ji idonsa ya kawo ruwa, ya yi maza ya juya wajen taga ya dafa bututun a madadinsa.

To, daga nan ne fa ya gane ya ɗaure kansa da igiyarsa. Yana janye hannu daga bututun zai nufi ƙofa, sai tsohon ya yunƙura.

"Kai! Ina za ka? Wa ya karɓe ka?"

Wendell ya mayar da hannu, Arvo ya koma ya zauna. Ya sake gwadawa a hankali, tsohon ya sake yunƙurawa, gwiwa na rawa. Ashe bai manta komai ba a wannan fanni. Yolanda, ma'aikaciyar da za ta karɓi ɓangaren, ta bugo waya ta ce motarta ta kafe a ƙanƙara, tana jiran mai jan mota. Shugabar ma'aikatan jinya ta leƙo da sauri, hannunta cike da magunguna.

"Wendell, ba kai ne mai jawabi ba? Tafi abinka, ɗalibi ne kai, ba dole ka jira kowa ba. Zan riƙa leƙo shi."

"Za ki iya tsayawa ki dafa nan?"

"In dafa bututu? Ni da mutum goma sha ke jirana? Don Allah tafi."

Gaskiya ta faɗa, babu wanda zai ga laifinsa. Ya dubi agogo, ya dubi tabon da ke goshin Arvo, ya ce wa ƙafafunsa su tafi, suka ƙi. Sabo turken wawa, in ji masu magana, shi kuma ya yarda yau shi ne wawan. Ga ƙaton mutum a tsaye yana gadin bututun ruwan zafi, can kuma ana shirin yanke masa rayuwa. Wayarsa ta yi ta ɓari a aljihu, Misis Gauthier ce ke tambayar ina yake, an kusa zuwa kansa. Da hannu ɗaya ya rubuta mata abin da ya zo masa: mai karɓata ba ta zo ba. Daga nan ya mayar da wayar aljihu, don ba ya son ganin amsa.

"Mene ne ma sunanka?" in ji Arvo.

"Harju."

"Ɗan Harju mai kamun kifi? Ubanka rago ne, amma kai da alama za ka yi aiki."

"Na gode, maigida."

Suka raba burodin naman Marlys, tsohon ya ci rabinsa yana ƙorafin an cika albasa. Rana ta yi ƙasa, fitilun titi suka kama. Sai can Yolanda ta faɗo ɗakin, hula duk ƙanƙara, tana ta ba da haƙuri. Wendell ya ce ta bar haƙurin, ta zo ta dafa kafaɗarsa ta ce ta karɓe shi, da ƙarfi yadda tsohon zai ji. Ta dube shi kamar wanda ya zautu, amma ta yi. Arvo ya gyaɗa kai, ya lumshe ido.

Ko farar rigar bai tsaya sawa ba. Da ya isa zauren majalisa sai ya tarar mutane na fitowa suna ɗaura mayafin wuya, motoci na tashi. Ya zauna a mota ya riƙe sitiyari, yana lissafa yadda zai dubi 'yan ajinsu gobe, mutanen da suka dogara da shi ya je ya ɓata a gadin bututu. Sai ya hango Marlys tana ratso ƙanƙara, ta zo ta ƙwanƙwasa gilashi.

"Fito, jarumi. Wannan wace riga ce a jikinka?"

"Marlys, ki bari. An kayar, ko?"

"Ka fito in ba ka labari, sanyi nake ji."

Ya fito. Ta ce da aka kira sunansa shiru, sai Mista Stroud, jagoran masu adawa, ya gyara zama ya ce to ga irin ɗaliban da ake so gunduma ta zuba wa kuɗi, ko taron da ya shafe su ba sa iya zuwa. Sai Misis Kovac ta zare tabarau ta tambaya ko mutumin ya ba da wani dalili. Misis Gauthier ba ta ma fahimci saƙon da ya tura mata ba, baƙuwa ce a garin, ta dai karanta shi kamar yadda yake.

"Wallahi Wendell, da ka ji zauren nan," in ji Marlys. "Tsit, kamar an yi mutuwa. Ka san duk tsofaffin kamfani ne a kujerun baya, waɗanda suka zo don su ce kada a ƙara musu haraji. Sai wani ya ce, 'To ai ba zai zo ba.' Wani ya ce, 'In ya zo ma ni zan kore shi.' Stroud yana ta waige-waige, shi da bai taɓa shiga kamfani ba sai ranar rabon kalanda."

"Misis Kovac fa?"

"Ga ta nan, tambaye ta da kanka."

Misis Kovac ce ke saukowa daga matakala tana dogara sanda, ƙaramar mace mai fuskar da ba ta san dariya ba. Ta tsaya a gabansa ta ɗaga kai.

"Kai ne Harju? Wa kake gadi?"

"Arvo Niemi, ranki ya daɗe. Ya ɗauka bututun ɗaki inji ne."

Ta ce mijinta marigayi ya yi aiki a ƙarƙashin Arvo, kuma ranar da ta haifi ɗansu na fari bai zo asibiti ba sai washegari, don mai karɓarsa bai zo ba. Ta shekara tana yi masa gori.

"Na zo yau da niyyar cewa a'a," in ji ta. "Amma ni ma na kusa shiga gidan nan naku, ƙafar nan ba ta da sauran nisa. In na shiga, ina son wanda ba zai bar ni don agogo ya buga ba. An amince da kuɗin. Ka gama karatunka, kuma ka riƙa sa riga mai kyau in za ka zo majalisa."

Ta wuce abinta. Wendell ya jingina da mota, ya ji wani nauyi da ya kwana biyu a ƙirjinsa ya sauka gaba ɗaya. Sai dariya da hawaye a haɗe. Ya laluba aljihu ya ciro makulli, makullin ya suɓuce masa ya faɗi a ƙanƙara.

Marlys ta sunkuya ta ɗauka. Ta miƙa hannu ta dafa kafaɗarsa.

"Na karɓe ka," ta ce. "Zagaya ka zauna, ni zan kai mu gida."