Kwamfutar da Mnena Ta Koya

Mnena ta daɗe tana sayar da garin rogo da agushi a kasuwar Lafiya kafin ciwon baya ya sa ta fara tunanin aikin zama a kujera. Mijinta Aondohemba, direban keke-napep, shi ya ga allon wata ƙaramar makarantar koyon kwamfuta a bakin hanya, ya kai ta. Mai wurin, Malama Mutmainna, mace ce mai haƙuri, ga tsofaffin injina jere a ɗaki ɗaya, kowanne fankarsa na gurnani. A nan Mnena ta shafe damina guda tana koyo. Ta iya buga rubutu ba tare da kallon yatsunta ba, ta iya jera lissafi a gida-gida, har ta iya gyara hoto. Ranar da aka ba ta satifiket, sai da ta sa aka yi masa firem.

Da kaka ta yi, wani kamfanin casar shinkafa a hanyar Obi ya nemi mai aikin ofis. Mnena ta ci ado ta je jarabawa. Manajan, Oga Norbert, ya zaunar da masu neman aikin a gaban kwamfutoci, ya ba kowa takarda, ya ce a buga ta a adana.

Mnena ta kama linzamin kwamfutar, ta ɗaga kai, sai ta tsaya cak. Allon da ke gabanta ba ta san shi ba. Inda ta saba dannawa ta buɗe wurin rubutu, babu komai. Ta duba sama, ta duba gefe, ta danna wani abu sai labaran duniya suka fito da hasashen ruwan sama. Na kusa da ita har sun fara ƙwanƙwasa madannai. Ta goge tafin hannunta a zani, ta ɗaga hannu.

"Oga, wannan kwamfuta bai da lafiya."

Oga Norbert ya zo ya leƙa. "Lafiyarsa ƙalau, Madam. Wane iri kika koya?"

"Baƙi, mai babban allo."

Wani ya ƙunshe dariya. Oga Norbert bai yi dariya ba, ya buɗe mata wurin rubutu ya koma kujerarsa. Haruffan dai suna inda ta san su, don haka ta buga takardar tsaf. Amma da ta zo adanawa, injin ya shiga yi mata tambayoyin da ba ta taɓa gani ba. Ta danna wanda ya fi kusa da hannunta, komai ya ɓace. Ta fito ba ta san ko aikin nata yana ciki ko ya tafi ba.

Ba ta je gida ba, makarantar ta wuce kai tsaye. Ta tarar da Malama Mutmainna tare da yayanta Abdulhakeem, mai gyaran kwamfuta, ya kwance cikin wani inji yana hura masa iska.

"Maman Ngodoo, yaya jarabawa?" in ji Malama, tana kiran Mnena da sunan 'yarta.

"Malama, ki faɗa mini gaskiya. Kwamfuta na ƙarya kin koya mini?"

Da Mnena ta gama ba da labari, Malama ta ja mata kujera. Ta ce injin duk ɗaya ne, abin da ke tafiyar da shi a ciki ne ya bambanta. Na kamfanin shinkafa Windows ne, wanda yawancin ofisoshi ke amfani da shi. Nata kuwa Linux ne. Ta sa shi ne saboda injinanta sun tsufa, sabon Windows ba zai hau kansu ba, shi kuma wannan kyauta ne, ba ya yi musu nauyi.

"Ai na faɗa muku ranar farko," in ji ta. "Har na nuna muku hoton tsuntsun nan a bango, na ce shi ne tambarinsa."

Mnena ta waiwaya ta dubi hoton. Tun zuwanta ta ɗauka agwagwa ce aka manna don ado.

"To wane kamfani ke da shi?"

Malama ta ce, "Ba na kamfani ɗaya ba ne. Mutane ne a ƙasashe daban-daban suke haɗuwa su gina shi. Duk wanda ya iya, zai buɗe ya ga yadda aka yi, ya gyara, ya ba wasu."

"In ya lalace, wa za a kama?"

Abdulhakeem ya yi murmushi. "Ni za a kira, Madam."

Malama ta ce nan gaba kaɗan mutane da yawa za su koma kansa, domin tsofaffin injina sun cika gari, kuma ba kowa ke da halin sayen sabo ba. Abdulhakeem ya girgiza kai, ya ce tun yana yaron shago yake jin wannan magana, kowace shekara a ce bana ce. Ya ce a shagonsa, in mutum ya ga allon da bai saba ba, kafin ya kai gida ya dawo ya ce a mayar masa da nasa. Malama ta ce ai don ba a koya musu ba ne. Shi kuma ya ce wanne za a koya musu, tunda Linux ɗin ma iri-iri ne, kowanne da fuskarsa.

"Iri-iri kuma?" in ji Mnena.

"Ko wayar da ke hannunki, gindinta daga shi ne," in ji Malama.

Mnena ta juya wayar ta duba bayanta, ba ta ga komai ba sai tsagar da ta yi ranar da ta faɗi a kasuwa. Ta so ta yi fushi, amma ta rasa da wa. Su biyun duk da gaske suke magana, kuma duk ba su yi kama da maƙaryata ba.

Daga baya Oga Norbert ya kira ta. Ya ce sun ga takardarta a wani lungu na injin, ba kuskure a ciki, amma sun ɗauki wani da ya saba da irin nasu. Ya ce ta sake gwadawa in shinkafar rani ta shigo.

Malama Mutmainna ta ji kunya, ta aro tsohuwar laftof ɗin yayanta mai Windows, ta ce Mnena ta riƙa zuwa da yamma ba sai ta biya komai ba. Sauran ɗaliban ma ta fara zaunar da su a gabanta bi da bi. Mnena ta koma rumfarta da safe, da yamma ta je makaranta. Yanzu ta iya biyun, sai dai hannunta kan nufi inda abu yake a ɗayan, ko wanne ta zauna a gabansa.

Wata rana Aondohemba ya zo ɗaukarta, ya tsaya a ƙofa yana kallon injinan.

"Maman Ngodoo, a cikinsu wanne ne na gaskiyan?"

"Malama ta ce wannan ne na gobe. Yayanta ya ce wancan ne na yau, kuma gobe ma shi ne."

"Ke fa?"

"Ni ban sani ba. Ka tsaya a kasuwa, zan ɗauki buhun agushi."