Layin da Ya Raba Titin Alder

Sau uku Odessa Tillery tana juya takardar ƙuri'ar gaba da baya. Ta cire tabarau ta goge da gefen rigarta, ta mayar. Ga gurbin gwamna, ga na alƙalai, ga na hukumar makarantu. Amma a gurbin sanatan majalisar jiha suna ɗaya tal ta gani, na wani mutum da ko a mafarki ba ta taɓa jin labarinsa ba, kuma babu mai karawa da shi. Sunan Maxine Dorrell, wadda Odessa ta shafe wata huɗu tana bi gida-gida dominta, babu shi babu alamarsa.

Ta koma teburin ma'aikatan zaɓe, inda ƙawarta Verna ke zaune. Shekara talatin suna rera waƙa tare a coci.

"Verna, kun ba ni takardar wasu."

Verna ta bi rajista da ɗan yatsa. "Titin Alder, gida na sha bakwai. Taki ce, Yaya Odessa. Mazaɓa ta ashirin da biyu."

"Ta tara dai. Tun kafin ki fara rina furfura nake mazaɓa ta tara."

Verna ba ta yi dariya ba. Ta rage murya ta ce, "An sake shata iyaka bayan ƙidayar jama'a. Layin ta tsakiyar titinku ya bi. Na hannun dama suna nan a ta tara, ku na hagu an tura ku ta ashirin da biyu. Ai an aika wa kowane gida kati tun watan Afrilu."

Afrilu. Odessa ta tsaya tana kallon rajistar. A bayanta mutanen da ta kwaso a motar coci ne jere a layi, kowa da bajen Maxine a ƙirji. Tsoho Cleophus, direban motar, ya leƙo yana cewa, "Hajjaju ta siyasa, yi sauri mana, ƙafafun nan ba na aro ba ne." Da ta juyo ya ga fuskarta, sai ya cire hularsa.

* * *

Titin Alder faɗinsa bai fi taku ashirin ba, amma ruwa biyu ake sha a cikinsa. Gidajen dama an ja musu famfon gari tun da daɗewa. Na hagu kuwa, da lungunan da ke bayansu, rijiyoyinsu suke sha, kuma rijiyoyin nan ƙasa ɗaya suke da tsohuwar masana'antar jima da aka rufe aka bar gubarta a binne. Ruwan garau yake a ido, shi ya sa ya daɗe yana cin mutane ba a gane ba.

Sanatoci uku Odessa ta zaɓa a kan maganar ruwan nan. Na farko ya yi shekara goma sha shida yana cewa ana nazari. Na biyu ya samu kujera mafi tsoka ya yi gaba. Na uku, wanda ke kai yanzu, duk kakar zaɓe sai ya zo coci ya ci soyayyen kifi da burodin masara, ya rungumi tsofaffi, ya yi ta kiran Odessa uwarsa. Amma ko sau ɗaya bai taɓa kurɓar ruwan da aka ajiye masa ba. Nasa na gora yake fitowa da shi daga mota, wai shi mai wayo, yana tsammani ba a lura.

Mijinta Orville shekara shida ya yi ana masa wankin ƙoda. A asibitin suka san Maxine, ma'aikaciyar jinyar da ke ɗaura masa na'ura. Ita ce ta fara lura cewa bakwai daga cikin majinyatanta gefe ɗaya na titi ɗaya suke. Ta rubuta wasiƙu har ta gaji, daga ƙarshe ta ajiye aiki ta tsaya takara, alkawarinta ɗaya: famfo ya tsallaka titi.

Orville bai ga ranar ba. A watan Afrilu, da rana tsaka, ya riƙe hannun matarsa ya ce, "Dessa, ni dai na sha nawa. Kada ki bari 'ya'yan maƙwabta su ƙarasa ragowar." Kwana biyu bayan nan ya cika.

Da aka gama zaman makoki, ba ta nemi izinin kowa ba. Ta karɓo allunan neman ƙuri'a daga ofishin Maxine, ta kafa a ƙofar kowane gida na hagu. Da ciwon gwiwarta ta bi lungu-lungu, ta yi wa waɗanda suka fid da rai da zaɓe rajista, ta yi faɗa da wasu, ta lallashi wasu da kek ɗin dankali. Gefen dama ko waiwayarsa ba ta yi ba. A ganinta mai ruwa a famfo ba zai ji zafin maganar ba.

* * *

Washegarin zaɓen da hantsi Maxine ta zo. Ta faɗi zaɓen da ƙuri'a hamsin da huɗu. Mutanen da Odessa ta tara sun haura ɗari biyu, kuma ko ɗaya bai shiga lissafi ba.

Suka zauna a barandar gidan, sanyin Nuwamba yana ratsa su.

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba, 'yar nan?"

"Wallahi Mama na ɗauka kin sani." Idanun Maxine sun kumbura. "Da na ga allunan a gefenku, na ɗauka kara kuke yi mini, don na tsallaken su gani. Har kuka na yi a mota don daɗi. Da na san ba ki sani ba, da a gefen dama na roƙe ki ki taya ni."

"Su waɗanda suka ja layin, sun san mu ne a nan?"

"Sun san kowane gida, Mama. Sun san wa kuke zaɓa, shi ya sa suka yanke ku."

"To wannan sabon namu fa, ina yake?"

"Tafiyar awa uku ce daga nan. Mutanensa makiyaya ne da masu gonaki. Ko kun zaɓe shi ko ba ku zaɓe shi ba, ya riga ya ci."

"Yaushe za a sake jan layin?"

Maxine ta sunkuyar da kai. "Sai bayan wata ƙidayar. Kusan shekara goma."

Odessa ta gyaɗa kai kawai. Shekarunta saba'in da huɗu.

Bayan tafiyar Maxine ta shiga ciki ta sauko da gwangwanin biskit ɗin da ta cusa takardun asibitin Orville. Ba ta sha wahalar nema ba. Katin yana nan, ɗan fari, da lambar ashirin da biyu ɓaro-ɓaro a gabansa. Ta juya bayansa sai ta ga rubutun hannunta. Ashe a kansa ta jera waƙoƙin da aka rera ranar jana'izarsa, don shi ne takardar da ta fi kusa da hannunta a ranar. Nan kukan da ta riƙe tun jiya ya ƙwace mata. Ta zauna a kujerar Orville ta yi mai isarta, tana ba shi haƙuri kamar yana ji.

Da ta natsu ta ɗauki buta za ta dafa shayi, ta tarar gorunan ruwan saye sun ƙare. Ta tsaya gaban famfon rijiyar, hannunta a kansa, ba ta murɗa ba. Ta taga tana hango maƙwabcinta na tsallake yana wanke motarsa da tiyo, yana fito. Ruwan yana gangarowa fes, ya zo har tsakiyar titi, ya bi kwata ya wuce.