Ƙasusuwan da Jibrilla Ya Tono a Jekadafari

Ranar wata Talata ce a tsakiyar damina. Hadari ya haɗo ta gabas tun da hantsi amma ya ƙi zuba, zafi kuwa kamar an kife gari da tukunya. A ranar ne Jibrilla ya ari diga zai haƙa wa kakarsa Nana Hauwa ramin sokawe na zubar ruwan wanke-wanke a bayan kicin ɗinta, inda take yin awarar sayarwa.

Duk layin an san Jibrilla ba ya ƙarasa abu. Ya taɓa ɗinki wata biyu, ya ja keke napep sati uku, ya kasa kankana har ta ruɓe yana kallo. Abin da bai taɓa gundurarsa ba shi ne bidiyon namun daji a waya. Ramin ma sai da tsohuwa ta yi wata guda tana mita, ruwan wanke-wanke na kwance a tsakar gida, sauro na shagali, kafin ya motsa.

Rami bai kai gwiwa ba diga ta daki wani abu. Ya tona da hannu, sai ga ƙashi, ya kusa tsawon hannunsa. Ya ƙara tonawa, sai ga wani abu lanƙwasasshe mai tsini. Sai na biyu. Sai na uku.

Jibrilla ya zauna daɓas a bakin rami. A satin nan ya kalli labarin wata dabbar Kudancin Amurka wai ita sulot, uwar kasala, mai rataye a jikin reshe bayanta na kallon ƙasa, ba ta saukowa sai sau ɗaya a mako idan bayan gida ya matsa mata. An ce kakanninta na dā wasu sun kai giwa girma, su miƙe a ƙafa biyu su jawo reshe da farata kamar lauje.

“Nana! Fito ki ga arziki!”

Ta fito da ludayi a hannu. “Kai mijin banza, har ka gaji?”

“Wace gajiya? Dodo ne kwance a gidanki tun ba a kafa Gombe ba. Ga faratansa.”

Tsohuwa ta dubi abin, ta dubi jikanta da gumi ya yi wa wanka, abin da ba ta taɓa gani ba.

“To, ai sai ka nemo sauran jikinsa,” in ji ta. “Yi ƙasa sosai.”

Kwana uku yana haƙa, abinci ma a cikin rami ake miƙa masa. Ya jera ƙasusuwa a kan tabarma, ya ƙirga na wuya ya samu tara. Ya yi ihu, don a bidiyo an ce mutum da raƙumi da akuya duk bakwai gare su, sulot kuwa yakan kai tara. Da ƙasa ta daina ba da ƙashi sai ya bi gefe, inda suka fi yawa, ya kutsa ta ƙarƙashin bangon kicin.

Ran Alhamis bayan azahar ya ɗauko shaida: Malam Dennis na unguwar Federal Low-Cost, wanda ya koyar da shi kimiyya kafin Jibrillan ya tsere daga aji biyu. Maƙwabta suka cika gida.

Malam ya gyara tabarau, ya zagaya tabarmar. “Jibrilla, sulot bai taɓa zama a Afirka ba. Duk ƙasusuwan kakanninsa a Amurka aka tono su. Danginsa masu cin tururuwa ma suna can.”

“To dabginmu fa, Sa? Ba tururuwa da gara yake ci ba?”

“Kama ce kawai, ba su haɗa kaka na kusa ba.”

“Sa, ba ku kuka koya mana cewa dā can Afirka da Amurka a manne suke ba?”

“Ashe ka ji wannan kafin ka gudu.”

“Yauwa! Ranar da za a rabu kowa ya yi sauri ya haye. Wannan kuwa kun san halinsa. Kafin ya sauko daga bishiya, Amurka ta tafi ta bar shi.”

Gida ya kaure da dariya, har wani ya ce wallahi maganar ta shiga. Malam Dennis ya ɗauki farcen dodo ɗaya, ya kakkaɓe yashi, ya zura yatsa a ciki.

“Wannan ƙahon rago ne. Wuyan kuma na dabba biyu ne ka haɗa.” Ya leƙa ramin, fara'arsa ta ɗauke. “Kai! Ka cinye gindin bango. Ƙasar garin nan yashi ce, ga hadari. Cike shi yanzu.”

“Saura kan dodon, Sa. In na fito da ƙoƙon kan, gardama ta ƙare.”

Nan ne Nana Hauwa ta daka masa tsawa. “Tsaya, ɗan nema! Kakanka Joda mahauci ne, ko ka manta? Shekara talatin a nan yake binne ƙashi da ƙaho saboda karnuka. Raƙumi, sa, rago, duk suna ciki.”

“Kin sani kika yi shiru?”

“In ce me? Tun da aka haife ka ban ga ka riƙe diga kwana uku ba. Na ce bari in samu ramina tukuna.”

Jibrilla ya ce, “To Kaka ya zuba nasa a kan nawa ne. Dodo yana ƙasa.” Ya sake dira ciki.

Bai yi sara biyar ba iska ta taso, ruwa ya ɓalle kamar da bakin ƙwarya. Duk ruwan indararo ya nufi ramin. Malam Dennis da maza biyu suka kama Jibrilla ta hammata suka fizgo shi yana ihun a bar shi ya kusa. Nana ta faɗa kicin ta fito da tukunyar awara a ka, ta juya za ta koma, mata suka riƙe ta. Bango ya yi wata ƙara, ya duƙa kamar mai gaisuwa, ya zauna a cikin rami, rufi ya bi shi.

Da ruwa ya ɗauke aka ƙirga. Bango ɗaya da rabin rufin kwano. Murhu biyu. Buhun waken suya da ba a buɗe ba. Ƙwai goma sha ɗaya, kazar dai ta tsira. Digar aro. Wayar Jibrilla. Takalmin Malam Dennis, ƙafar hagu.