Ranar da Aku ta Faɗi a Tsakar Gida

Dutsen guga na kan wuyan wata farar riga lokacin da wayarta ta yi ƙara. Maman 'yan biyu ce, maƙwabciyarta, kuma ko sallama ba ta yi ba.

"Maman Aku, ki taho gida. Yarinyarki ta faɗi."

Ba ta tambayi irin faɗuwar ba. Ta jingine dutsen, ta zare wayar wutar daga bango, ta gaya wa mai shago cewa ciwon 'yarta ne ya tashi. Ya dubi tulin kayan da ke jiran guga, ya dubi fuskarta, ya ce ta je, Allah ya sawwaƙe.

A bayan mai babur ba ciwon ne ya cika mata zuciya ba. Farfaɗiyar 'yarta ta san ta kamar yunwar cikinta: takan zo, ta girgiza yarinyar, ta sake ta da gajiya da barci. Abin da take tsoro shi ne idon mutane. A gidan hayar da suka baro, rana ɗaya yarinyar ta faɗi a bakin famfo, shi ke nan. Matan gidan suka ce yawun mai farfaɗiya na yaɗa ciwon, kowace ta kira 'ya'yanta ɗaki. Aka ware mata kofi. In ta fito wasa yara su watse kamar an jefa dutse cikin kaji. Yarinyar da uban ya raɗa wa Aku saboda surutu ta koma sai dai ta gyaɗa kai ko ta girgiza, ta wuni bayan ƙofa tana tsinkar zaren tabarma.

Da suka sauya gida, uban na can bisa hanya da babbar motar da yake tuƙawa, ita kaɗai ta ɗauki aikin dawo da bakin 'yarta. Kullum da yamma, in ta dawo daga shago da hannu yana zogi, sai su yi wasan baƙi. Ita ce yaran unguwa, Aku ce sabuwar zuwa. Ta koya mata yadda ake cewa a saka ni a wasa, yadda ake jiran layi, yadda ake ba da haƙuri ba tare da an ƙasƙantar da kai ba. Sannu a hankali abin ya kama. Yanzu Aku ce mai raba gardamar 'yan biyu, ita ke janyo yaron da aka bari a gefe, har mai gadin gidan, tsohon da gaisuwa ma da ƙyar yake amsawa, yana ajiye mata alewa. Abu ɗaya uwar ta kafa mata: maganar ciwo ba ta fita ɗaki. Ko magani sai an saki labule ake sha.

Yau labulen ya yaye.

* * *

Ta shiga gidan ta riga ta shirya ganin fili a tsakar gida, 'yarta ita kaɗai a tsakiya, mutane can nesa sun toshe hanci da mayafi.

Ba haka ta tarar ba. Aku na kwance ta gefe ɗaya a inuwar tankin ruwa, kanta bisa wata riga da aka naɗe. Babban 'yan biyu na tsugune kusa da ita ba riga, haƙarƙari a waje. Ƙaramin na yi mata fifita da murfin kwali. Wata 'yar lukuta mai wushirya, aminiyar Aku, na share mata baki da gefen siket ɗinta. An ture kekuna da bokitai gefe. Jijjigar ta riga ta wuce, numfashin yarinyar ya daidaita.

Uwar ta ƙarasa wurinta. Ta durƙusa, ta taɓa goshin, ta duba harshe. Ba cizo, ba ƙwarzane.

Yaran suka shiga ba ta labari duk a lokaci ɗaya. Wai mai gadi ya zo da cokali zai cusa mata a baki, suka hana, ya ce da su marasa kunya. Wata kuma ta kawo ruwa za ta sheƙa mata, shi ma suka tare. Ta tambaye su wa ya koya musu haka.

"Aku mana," in ji babban 'yan biyu. "Ai muna yin wasan. Ita ce likita, mu ne masu faɗuwa. Ni na fi kowa iya faɗuwa."

"Ƙarya kake, kai dariya kake yi," in ji ƙanin.

Tana ƙoƙarin ɗaukar Aku sai ga matar ɗakin ƙarshe, uwar mai wushirya, ta fito, ta fizgo hannun 'yarta har yarinyar ta yi tuntuɓe. A bakin famfo ta tuɓe mata siket ɗin, ta shiga dirje mata hannu da sabulun wanki, tana faɗa ba ta dubi kowa ba, wai mutum ya san yana da irin wannan a ɗaki ya sako shi cikin 'ya'yan jama'a.

Maman Aku ta buɗe baki, maman 'yan biyu ta riga ta.

"Ke dai wanke a hankali, kar ki saɓule mata fata. Nawa sun yi wata da watanni suna ci a kwano ɗaya da ita, ban da rashin ji ba abin da suka ɗauka, shi ma gadon ubansu ne."

Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Ƙofar ɗakin ƙarshe ta rufu da ƙarfi.

* * *

A ɗaki maman 'yan biyu ta zauna bakin gado, ta faɗa mata gaskiya. Tuni yaranta suka kawo mata labarin, kuma da farko ta tsorata, har ta hana su fita kwana biyu. Kukansu ya ishe ta. Da ta kai ƙaramin asibiti kan ciwon kunne sai ta tambayi nas, nas ta ce ba a ɗauka, ko a yawu ko a kwano. Ta yi shiru ne tana jiran ranar da maƙwabciyarta za ta yarda da ita ta faɗa mata da bakinta.

Maman Aku ta rasa inda za ta sa idonta. Ta yi godiya.

Da la'asar Aku ta farka, ta nemi ruwa. Uwar ta ba ta, ta zauna tana gyara mata gashi, sannan ta tambaye ta a hankali me ya sa ta faɗa musu.

"Mama, ke kika ce in ina son abu wurin ƙawaye in faɗa da baki, kar in tsaya ina kallo." Ta kurɓi ruwan. "Ni ina so in na faɗi kar su gudu."

Uwar ta jawo kan 'yar ta ɗora a ƙirjinta, don kada ta ga fuskarta.

* * *

Washegari ba makaranta. Maman Aku na ɗaure jakar aiki, kunnenta na waje, tana jiran ta ji ko yaran za su zo neman Aku. Sai ga bugun ƙofa, da muryar 'yan biyu suna tambaya ko likita ta warke. Ta buɗe musu. Ta ba Aku maganinta a bakin ƙofa, a gabansu, ta ce kada ta daɗe a rana.

Kafin ta kai ƙofar gida sun ja da'ira sun fara wasan tafi. A tagar ɗakin ƙarshe, bayan ƙarafuna, mai wushirya na tsaye bisa wani abu don ta hango su. Aku ta matsa gefe, ta bar gurbin mutum ɗaya kusa da ita, ta juya ta fuskanci tagar. Da waƙar ta zo wurin da ake haɗa hannu, ta miƙa tafukanta cikin iska, yarinyar kuma ta buga nata a jikin ƙarfe.